Kada Ka Jona Shi Tukuna



Yau da wata tsohuwar ajiya na zo muku. Watannin baya muka buɗe ɗakin shirgi na gidanmu, wanda rabon da a leƙa shi tun rasuwar mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa. Can bayan tarin tabarmi da tsofaffin fanteka muka tarar da akwatin talabijin ɗinsa. Na katako ne, mai ƙafa huɗu, mai ƙyaure biyu da ake ja a rufe fuskar, har da ɗan makulli. Baƙi da fari ne, ƙirar Turai, ya saye shi a Kaduna a ƙarshen shekarun 1960 lokacin yana aikin gwamnati. Ban gama share ƙurar samansa ba, ɗan ƙanwata ya riga ya warware wayar yana neman soket. Ya ce, "Kawu, mu jona mu gani ko yana yi." Na riƙe hannunsa na ce, "Ajiye fulogin nan." Da na bar shi, da yau ba ni da labarin da zan ba ku sai na hayaƙi.

Matasa da yawa in an ce tsohon talabijin, mai doron nan suke tunawa, wanda ya cika gidaje kafin zuwan falasma. Wanda nake magana a kai kakan wancan ne. In ka cire marfin bayansa, za ka ga 'yan kwalabe na gilashi a jere, goma sha wani abu, kowace da ɗan garwashi ja a cikinta idan an kunna. Su ne masu gyara ke kira bawul. Wani Bature ɗan Ingila, John Ambrose Fleming, ya ƙirƙiro na farko a 1904. Bayan shekara biyu wani Ba'amurke, Lee de Forest, ya ƙara masa wata 'yar raga a tsakiya, kuma wannan ragar ce sirrin abin. An zuƙe iskar cikin kwalbar ƙaf. Garwashin yana gasa wani ɗan ƙarfe har ya riƙa sakin ƙwayoyin lantarki, su kuma su ruga zuwa wani faranti da ke jan su. Ragar tana tsaye a kan hanya, ɗan motsin wuta kaɗan a jikinta sai ya buɗe ko ya tsuke hanyar. Ku tuna mai lambu a fadama: da ɗan curin laka a bakin fangali yake juya ruwa mai yawa. Haka bawul ke ɗaukar raunanniyar siginar da eriya ta kamo ya mayar da ita ƙaƙƙarfa.

Da irin waɗannan akwatuna ƙasar nan ta fara kallo. Tashar WNTV ta Ibadan ta buɗe ranar 31 ga Oktoba, 1959, zamanin gwamnatin Cif Obafemi Awolowo. Arewa ta bi sahu a 1962 da Rediyo Talabijin Kaduna, zamanin Sardauna. Hoto mai kala bai zo ba sai tsakiyar shekarun 1970, kuma daga Jos ya fara. A 1977 aka haɗe tashoshin ƙarƙashin NTA. Wanda ya yi wayo a lokacin zai tuna yadda gida ɗaya mai talabijin ke ɗaukar yaran layi guda. A wanke ƙafa, a zauna a ƙasa, a yi tsit. Maigida ya zo da makulli ya buɗe ƙyauren, ya murɗa, sai a jira. Murya ce ke fara zuwa, hoto ya biyo baya a hankali kamar mai fitowa daga hazo, domin sai bawul sun yi zafi. Ranar wasan kwaikwayon Samanja kuwa, har taga cika take. In an kashe, hoton ya dunƙule ya zama ɗan farin ɗigo a tsakiya, mu yara mu zuba masa ido har ya ɓace.

Taransisto, wanda aka ƙirƙiro a Amurka a 1947, shi ya kori bawul. Ba ya zafi sosai, ba ya cin wuta, ba ya buƙatar jira. Kafin ƙarshen shekarun 1970 yawancin masana'antu sun koma gare shi. Ke nan kusan duk talabijin mai bawul da ka gani yau ya ba shekara arba'in baya, yawancinsu ma sun haura hamsin.

Namu dai ni da ɗan ƙanwar tawa muka ciccibe shi, muka sa a bayan a-kori-kura, muka kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo da na sani tun ina yaro. Shagon nasa ya tsuke, rabinsa ya ba masu cajin waya haya. Da ya ga abin da muka sauke, sai ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Tambayarsa ta farko ita ce, "Kun jona shi?" Na ce, "A'a, Baba." Ya ce, "To, Alhamdulillahi. Ku zauna."

Ga dalilin tambayar, kuma shi ne zuciyar sharhin nan. Mutane suna zaton bawul ne ke fara mutuwa. Sau da yawa bawul ɗin lafiyarsu ƙalau, domin abin da ke rufe cikin gilashi ba ruwansa da damina. Masu ruɓewa su ne kwandansa, waɗanda wasu ke kira kafasito. Na wancan zamani da takarda aka naɗe su, aka tsoma a kakin zuma. Shekara da shekaru takardar tana shan laima, har ta fara barin wuta tana zurarewa ta inda bai kamata ba. Kwandansa ɗaya mai yoyo a gaban ragar bawul ya isa ya sa bawul ɗin ya ja wuta fiye da kima, farantinsa ya yi jawur, ya ƙone taransifomar da ke bayansa. Su kuma manyan kwandansan gwangwani masu tace wuta, akwai wani siririn rufi a cikinsu da ke lalacewa idan sun daɗe ba aiki. Ka danna musu cikakkiyar wuta farat ɗaya, sai su yi zafi su fashe. Kwandansa kuɗinsa kaɗan ne, ana samun sabo a kasuwa. Taransifomar da zai ƙone kuwa an daina yin irinta tun kafin a haifi mai jonawar. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Saboda haka Baba da buroshi ya fara. Ya kwance marfin baya, ya fito da abin da shekaru suka tara: ƙurar hunturu ta yi kauri kamar bargo, saƙar gizo, kashin ɓera, ga gidan zanzaro har biyu a manne da katako. Ya duba ko ɓera ya ci waya, ya duba ko gara ta shiga ƙafafun. Kafin ya zare kowane bawul sai ya rubuta lambarsa da gurbinsa a takarda. Ya ɗaga ɗaya ya nuna wa yaron wani tabo mai sheƙi kamar madubi a saman gilashin, ya ce muddin tabon nan yana sheƙi, iska ba ta shiga ba. In ya koma fari kamar alli, bawul ya tashi aiki. Ya kuma hana shi goge jikinsu da jiƙaƙƙen tsumma, domin lambar da ke jiki gogewa take, kuma bawul marar lamba ya zama baƙo marar suna.

A lambar ma akwai karatu. Yawancin na cikin akwatinmu da harafin P suka fara, irin su PL36 da PY81. A tsarin Turai, P na nufin an jera garwashinsu a layi ɗaya, wuta ɗaya ce ke bi ta cikinsu duka. Baba ya ce kamar carbi ne, in zare ya tsinke a wuri ɗaya, duka sun zube. Wanda bai sani ba in ya ga babu bawul ko ɗaya da ya kama, sai ya ce akwati ya mutu murus, alhali ƙila ɗaya ne kawai ya yanke.

Daga nan ya koma kan babban tulun gilashin da ke nuna hoto, wanda su ke kira tub. Shi ne ke yanke hukunci, a ci gaba ko a haƙura. Asalinsa na wani Bajamushe ne, Karl Ferdinand Braun, tun 1897. A ƙeyarsa akwai siririn wuya, a ciki akwai abin da ke harbo tsinken wuta zuwa fuskar, inda aka shafe da wani gari mai haske idan wutar ta taɓa shi. Tsinken nan yana bin fuskar daga hagu zuwa dama, layi bayan layi, kamar mai huɗa yana jan kunya. A tsarin da Najeriya ta ɗauka, kunya 625 ce ke yin hoto ɗaya, kuma hoto 25 ake yi a daƙiƙa guda. Ido ba ya iya bin wannan gudu, sai ya ga mutum yana motsi. Idan tub ya gaji, hoto ya dushe, babu inda za ka sayo sabo. Kamfanonin da ke sake gina tsofaffi a Amurka da Faransa sun rufe tun shekarun baya. Wani gidan adana tsofaffin talabijin da ke Hilliard a jihar Ohio ne ya tattara irin kayan aikinsu don kada ilimin ya bi ruwa. Namu da aka auna, Allah Ya taimaka, da sauran ƙarfinsa.

A nan zan dakata in ja kunne, kuma ina roƙon iyaye su saurara da kyau. Cikin akwatin nan ba wurin wasan yara ba ne, ba kuma wurin koyon gyara daga bidiyon waya ba. Wutar gidanmu bolt 230 ce. A jikin tub na baƙi da fari akwai bolt dubu goma sha wani abu, a mai kala kuwa ta kai wajen 25,000. Tub yana riƙe caji bayan an kashe an zare fulogi, shi ya sa gwani ke sauke cajin zuwa ƙarfen akwatin kafin ya kai hannu. Manyan kwandansa ma suna riƙe nasu. Sannan da yawa daga cikin akwatunan Turai na lokacin ba su da taransifomar da ke raba su da wutar gida. Ɗaya daga wayoyin soket kai-tsaye take haɗe da ƙarfen da aka ɗora kayan a kai. In wayoyin sun juya, ƙarfen nan gaba ɗaya wuta ne, ka taɓa shi ƙafarka a ƙasa, sai dai wani ba kai ba. Shi ya sa Baba ke aiki a kan katako, da takalmin roba, da taransifoma ta musamman tsakaninsa da soket, hannu ɗaya kuma a aljihu idan yana awo. Ga kuma gilashin kansa. Da yake babu iska a ciki, iskar waje tana danne fuskar tub matsakaici da nauyin da ya haura tan guda. In ya fashe, ciki yake rufzawa sannan ya watso tsinin gilashi. Ba a ɗaukarsa ta wuya, ba a ƙwanƙwasa shi.

Sati uku Baba ya yi yana canza kwandansa. Ba ya cire su duka a lokaci ɗaya. Ya cire ɗaya, ya karanta ƙimarsa, ya liƙa sabo da dalma, ya yi alama a takarda, sannan ya matsa gaba. Ya ce mai cire goma a tashi ɗaya, in ya yi kuskure ɗaya, sai ya nemi kuskuren a wuri goma. Ya bi rizisto, wato masu rage ƙarfin wuta, da mitar awo ɗaya bayan ɗaya, domin na da ƙimarsu hawa take yi da tsufa. Taransifomar nan mai haifar da babbar wuta, wadda suke kira filaibak, ya ajiye ta kwanaki a wuri mai ɗumi don ta fitar da laimar da ta sha. Ya ce da a hannunsa ne, duk irin wannan aiki da rani zai riƙa yin sa.

Ranar kunnawa ma bai ba shi wuta kai-tsaye ba. Ya ɗauko ƙwan lantarki irin na da, mai zare a ciki, mai wat 100, ya haɗa shi a kan hanyar wutar, yadda sai ta bi ta cikin ƙwan kafin ta shiga akwatin. Dabara ce mai araha da ta ceci akwatuna da yawa. In akwai inda wuta ta haɗe a ciki, ƙwan zai haska fayau ya tsaya a haka, ya shanye wutar, babu abin da zai ƙone. In lafiya, zai yi haske ya lafa. Irin wannan ƙwan ma yanzu sai an tona, na zamani marasa cin wuta ba sa wannan aiki. Namu ya haska, ya lafa. Bawul suka fara ja ɗaya bayan ɗaya. Lasifika ta yi shuu. Sai ga farin layi ɗaya kwance a tsakiyar fuska. Nan take Baba ya rage hasken ya kashe, ya ce in an bar layin nan zai ƙona garin fuskar ya bar tabo har abada. Alama ce cewa sashen da ke saukar da tsinken daga sama zuwa ƙasa bai tashi ba. Kwana biyu ya yi kafin ya gano rizisto ɗaya da ya yanke.

Abin da ya burge ni ke nan da wannan tsohuwar ƙira. Ciwonta a fuskarta yake bayyana. Hoto na birgima sama, ga inda za a duba. Hoto ya tsuke ta gefe, ga bawul ɗin da ya gaji. Akwai murya babu haske, a nufi wajen babbar wuta. Waɗanda suka ƙera shi sun san za a buɗe shi, shi ya sa suka sa bawul a gurbin da ake zarewa da hannu, suka buga taswirar wayoyin don masu gyara. Falasmar da ke bangon ɗakina kuwa, in ta ɗauke, allon ciki ake cirewa ɗungurungum a sa wani, in gilashin ne ya tsage, kuɗin gyara ya kusa kuɗin sabuwa. Ban ce a koma baya ba. Tsohon akwatin nan yana cin wuta, yana zafi kamar murhu, hotonsa bai kama ƙafar na yau ba. Amma wancan yana yaye masu gyara, wannan kuwa masu canji yake yayewa.

Saura tambayar da na san wani yana yi a ransa: in an gyara, me zai kama? Gaskiya ce, duniya ta koma dijital. Najeriya ta fara gwajin sauyawa a Jos a 2016. Tsohon akwati bai san wannan yare ba. Maganin ɗan ƙaramin abu ne: dekoda mai ramin eriya a baya, ko wata 'yar na'ura da ke juya hoton dekoda ko na bidiyo zuwa siginar da, a jona a inda eriya take shiga. Sai dai a lura da asalin akwatin. Wanda aka yi don Amurka wutar bolt 120 yake sha, kuma layinsa 525 ne. Tsofaffin na Ingila kuma akwai masu layi 405, tsarin da su kansu suka rufe a 1985. Irin waɗannan sai da ƙarin na'ura.

Yanzu bari in juyo gare mu. Ina sauran akwatunan nan suke? Yawanci mai jari-bola ya saye su a kuɗin da bai kai na kwanon masara ba. Ba laifinsa ba ne, abincinsa yake nema. Amma abin da yake so jan ƙarfen da ke naɗe a wuyan tub ne, sai ya fasa wuyan da guduma, ya ƙona wayoyi don roba ta narke, ya bar gilashin a juji. Gilashin nan akwai dalma a cikinsa, hayaƙin robar kuma huhun yaran da ke wurin yake shiga. Kowa ya ji labarin jujin tsofaffin kayan lantarki na Agbogbloshie a Ankara ta Gana ya san inda wannan hanya ke kaiwa. Mu kuma a namu ɓangaren, mun sayar da shaidar yadda iyayenmu suka fara ganin duniya daga zaure.

Amma asarar da ta fi damuna ba ta katako da gilashi ba ce. Bawul ana samu. Akwai tsofaffin da ba a taɓa amfani da su ba a kwalayensu, kuma har yau akwai masana'antu a Rasha da Sulobakiya da Sin da ke yin wasu nau'o'in don kayan sauti. Abin da ba a ƙerawa a ko'ina shi ne mutum irin Baba. Ya haura saba'in, idonsa ya fara rauni, kuma ya gaya mini rabonsa da yaron da ya zauna koyo har ya ƙware ya fi shekara ashirin. Kowa gyaran waya yake so, don a nan kuɗin yau yake. A kowane babban gari na ƙasar Hausa akwai irinsa ɗaya ko biyu, a lungun kasuwa, suna gyangyaɗi a gaban rediyon da ba mai zuwa karɓa. Kwalejojin fasaha za su iya gayyatar su ko sau ɗaya a zango su buɗe irin wannan akwati a gaban ɗalibai, domin a cikinsa ana ganin lantarki da ido, sashe-sashe. Gidajen talabijin ɗinmu da gidajen tarihi za su iya ware kusurwa ɗaya su ajiye guda mai aiki. Kai kuma mai sauraro, in akwai shi a gidanku, ka ɗaga shi daga ƙasa saboda gara, ka rufe shi daga ƙura da ɗigon ruwa, ka nemi dattijon garinku tun yana da rai. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ranar da aka gama namu, da la'asar ce. Baba ya jona dekoda, ya murɗa, muka zauna jira kamar yadda muke yi shekara hamsin baya. Sai yaron ya toshe kunne ya ce, "Kawu, wane irin fito ne wannan?" Na kasa kunne, ban ji komai ba. Baba ya yi dariya ya ce shi ma ya fi shekara ashirin rabonsa da jin sa. Kukan filaibak ne, sau 15,625 a daƙiƙa, wato layi 625 sau 25, siririn sauti da kunnen yaro ke kamawa, na babba ya daina. Ya ce, "Ɗana, matso kusa. In ka ji ya canza, ka gaya mini." Yaron ya matsa, ya ce ya daidaita. Bai rufe baki ba fuskar ta fara washewa, ga mai karanta labarai, baƙi da fari, tas.

Tun daga ranar, duk Asabar yaron yana shagon. Baba ya ba shi buroshi da takardar rubuta lambobi, ya ce mita sai bayan Sallah, ƙarfen liƙi kuwa sai ya ga hankalinsa. Makullin ƙyauren yana aljihuna.